Tambaya da Amsa: Wane Allo Ne Ya Fi Sauƙin Juyawa a Kan Igiyar Ruwa?

Wasiƙun wannan fitowar duka daga cikin garin Kaduna suka zo, kuma duka a kan hawan igiyar ruwa ne, wasan da galibi a teku ake yin sa, alhali tsakaninmu da teku tafiyar yini guda ce cur a mota. Ban yi mamaki ba. Yaranmu suna aiki a Legas, wasu suna karatu a Maroko da Senegal, kuma tun da wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021 bidiyonsa yake ta yawo a wayoyi. Na haɗa wasiƙun wuri guda ne don kusan abu ɗaya suke nema: siffar allon da ake hawa igiyar da shi, da yadda yake juyawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Tudun Wada ne, aiki ya kai ni Legas bara. Wata Asabar abokan aiki suka ja ni bakin tekun Tarkwa Bay, tun daga ranar na kamu da son hawan igiyar ruwa. Wata bakwai ke nan ina hayar babban allon soso mai tsawon ƙafa 8. Ina iya miƙewa, ina kuma bin igiyar ta gefe, amma da zarar na so karya kwana sai allon ya ƙi, ya yi ta miƙewa da ni har in faɗi. Wani ya kawo mini allo na hannu, ɗan siriri mai tsinin hanci, ƙafa 5 da inci 10, an rubuta lita 27 a cikinsa. Ya ce irinsa gwanaye suke hawa. Nauyina kilo 78. Na zo hutu gida, na ce masa zan ba shi amsa in na koma. In saya? Mai karatu daga Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka saya. Na fara da wannan ne don kada ka karanta rabi ka ajiye, ka tura masa kuɗi. Mai allon bai yi maka ƙarya ba, irinsa gwanaye suke hawa, kuma a ƙarƙashin ƙafar gwani nan take yake juyawa. A ƙarƙashin taka ƙafar, a matakin da kake yanzu, ba zai samu gudun da zai juya da shi ba.

Juyi a kan igiya gudu yake ci. Dubi mai babur a shataletale: in yana da gudu, sai ya kwantar da mashin ɗin gefe guda ya sha kwanar lafiya lau. In kuwa ya zo yana rarrafe ya ce zai kwantar da shi haka, ƙasa zai sha. Allo ma kwantar da shi ake yi a kan gefensa, gefen ya shiga ruwa, ruwan da ke gudu a ƙarƙashi ya tura shi ya zagayo. In babu gudu, gefen zai nutse ne kawai, kai kuma ka bi shi.

Lita 27 ɗin da ka gani a rubuce ita ce yawan jikin allon, wato adadin ruwan da zai ture in aka danna shi duka ƙasa. Kowace lita tana ɗaukar kusan kilo ɗaya. Raba 27 da 78, za ka samu kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinka. Wannan awon 'yan gasa ne, mutanen da suka yi shekara da shekaru a cikin ruwa. Allon soson da kake hawa yana kusa da lita 80, ya ninka wancan kusan sau uku. In ka kwanta a kan ɗan siririn nan rabin jikinka zai kasance cikin ruwa, za ka yi ta tuƙi da hannu har kafaɗunka su ɗau zafi, igiya tana wucewa ta ƙarƙashinka ɗaya bayan ɗaya. Kuma a kan igiyar da ka kama kaɗai ake koyon juyi.

A shekarun da na yi ina aikin fiton kaya a Apapa, ranakun hutuna a Tarkwa Bay nake yin su, kuma na sha ganin abin da yake ruɗar baƙi a wurin. Za ka ga yaron tsibirin, siriri, bai fi kilo 40 ba, a kan allon da hancinsa ya taɓa karyewa aka liƙe. Zai sauko daga kan igiya, ya durƙusa, hannunsa ɗaya yana shafar ruwa, ya karyo kwana ya haye fuskar igiyar ya watsa ruwa sama. Mai kallo sai ya ce sirrin a allon yake. Amma lita 27 a wajen yaro mai kilo 40 kashi biyu cikin uku ne na nauyinsa, babban allo ne a gare shi. Ga shi kuma tun yana ƙarami yake wanka a wannan ruwan. Samari da yawa sun sayi irin allon saboda wannan kallon, suka yi wata biyu suna zaune a bayan igiya, daga baya suka sayar, wasu ma suka bar wasan gaba ɗaya. Wannan ne ba na so ya same ka.

Kafin ka kashe ko kobo, akwai abin da nake so ka gwada a kan allon hayar. Ina kyautata zaton a tsakiyarsa kake tsayawa, don nan ne ya fi daɗin tsayuwa kuma ya fi gudu. To daga tsakiya dogon allo ba ya juyawa, domin duk tsawon gefensa yana cikin ruwa, ruwan ya riƙe shi. Daga wutsiya ake juya allo, daidai kan fukafukan da ke liƙe a ƙarƙashinsa, masu kama da fiffiken kifi. In za ka karya kwana, ja ƙafarka ta baya har ta kai saman fukafukan, ka mayar da nauyinka a kanta har ka ga hancin allon ya ɗan ɗaga. Sannan ka kai idonka inda kake son zuwa. Kanka zai fara juyawa, kafaɗu su bi, ƙugu ya bi, allon ne zai zo a ƙarshe. Da ya juyo sai ka mayar da nauyi gaba don ya ci gaba da gudu. Ranar da ka iya juya allon ƙafa 8 hagu da dama ta wannan hanyar, ranar ce ka cancanci saukowa zuwa wanda ya fi shi gajarta.

Yanzu ga yadda ake karanta allo, don in ka je saye ka san abin da kake dubawa. Abu ɗaya za ka riƙe a ranka: duk abin da aka yi wa allo don ya riƙa juyawa da sauri, daga gudunsa ko daga natsuwarsa aka ciro shi. Mai sassaƙa allo ciniki yake yi tsakanin waɗannan, kuma kai ma cinikin za ka yi.

Fara da tsayar da shi a jikin bango, ka ja baya ka dubi zanen jikinsa daga hanci zuwa wutsiya. Allon da gefunansa suka miƙe sambal yana son tafiya miƙe, yana da gudu, kwanarsa doguwa ce. Wanda gefunansa suka zagayo a hankali, shi ne mai shan kwana a ɗan ƙaramin fili. Sai ka nemo inda ya fi faɗi. In faɗin yana gaba da tsakiya, a ƙarƙashin ƙirjinka, allon zai yi sauƙin tuƙawa da saurin kama igiya, amma juyinsa zai yi tsawo. In faɗin yana tsakiya ko ya ɗan ja baya, kusa da inda ƙafafu suke, zai fi amsa umarnin ƙafar baya. Masu sassaƙa suna auna faɗin wutsiya ne a inci 12 daga ƙarshenta. A allon gasa yakan kai kusan inci 14, a gajeren allon nan mai faɗi da ake kira kifi kuwa yakan kai 16 ko ya wuce. Wutsiya mai faɗi tana ɗaga allo a kan raunanniyar igiya ta ba shi gudu, amma danna ta cikin ruwa sai da ƙarfi. Siririya tana kama ruwa da kyau, sai dai in igiyar ba ta da ƙarfi sai ta nutse ta ja allon baya.

Abin da ya fi kowanne tasiri a ganina, kuma shi ne masu saye ba su cika dubawa ba, shi ne lanƙwasar allo daga hanci zuwa wutsiya. Cire fukafukan, ka kwantar da allon a kan siminti mai santsi, cikinsa (fuskar da ke taɓa ruwa) a ƙasa, ka tsuguna ka leƙa ta gefe. Za ka ga tsakiyarsa kaɗai ke taɓa ƙasa, hanci ya tashi, wutsiya ma ta tashi. A allon gasa hanci yakan ɗaga kusan inci 5, wutsiya inci 2 da ɗan wani abu. Ɗagawar hanci ita ke hana shi caka ruwa lokacin da kake saukowa daga igiya mai tsayuwa. Ɗagawar wutsiya kuwa ita ce ta juyi: in ka taka baya, allon yana bin wannan lanƙwasar ne ya zagayo, don haka duk yadda ta ƙaru, kwanar za ta ƙara matsewa. Kuɗin da ake biya shi ne gudu. Allo mai yawan lanƙwasa ture ruwa yake yi a gabansa, yana da wuyar tuƙawa, kuma da ya isa inda igiya ta kwanta sai ya tsaya cak. Shimfiɗaɗɗen allo kuma zai yi ta zamewa da kansa ko a ƙaramar igiya, amma a igiya mai rami ba ya shiga lungunta, gefensa sai ya harɗe. Ko bambancin rabin inci a wutsiya, ƙafar wanda ya saba tana jin sa.

A nan sai ka tuna da ruwan da za ka hau. Igiyar cikin Tarkwa Bay tana samun siffarta ne daga duwatsun da aka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa. Ruwan yana dukan duwatsun ya dawo ya haɗu da igiyar da ke biye, sai ta yi tsini ta tashi da sauri. Gajeriya ce, ba ta ba ka dogon lokaci. Irin wannan igiyar ba ta son allon da ya shimfiɗe sosai, don hancinsa zai riƙa caka ruwa. Matsakaiciyar lanƙwasa take so. Da a ce Taghazout ta Maroko za ka, ko Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu, inda igiya ke tafiya mai nisa a jikin gaɓa, da na ce ka nemi wanda ya fi miƙewa, mai dogon zango.

Sai gefe. Wannan da hannu ake gane shi. Kama gefen allon a tsakiya kamar za ka ɗauke shi, ka ja tafin hannunka a hankali zuwa wutsiya. A allo mai kyau za ka ji tsakiyar a dunƙule take, mai taushin zagaye, sannan a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe sai ka fara jin wani kaifi a ƙasan gefen yana gogar yatsunka. Zagayen nan na gaba yafiya yake yi maka, in ka karkata fiye da kima ba zai harɗe ya kayar da kai ba. Kaifin baya kuma shi ke sakin ruwa ya wuce da sauri, shi ya sa allon yake fita daga kwana da gudu. Gefe mai kauri yana son tasowa sama, yana da wuyar dannawa amma yana riƙe gudu. Siriri yana yanka ruwa cikin sauƙi, sai dai in gudunka ya ragu zai nutse da kai. Mai kilo 78 da bai daɗe da farawa ba, matsakaicin kauri ya dace da shi.

Siffar ƙarshen wutsiya ita ce kowa ke fara magana a kanta, don ita ido ke gani, amma tasirinta bai kai na waɗanda na ambata ba. Mai kusurwa huɗu da aka goge kusurwoyinta ita ta fi yawa a alluna, tana ba da kwana mai kaifi kuma tana aiki a kusan kowane ruwa. Zagayayyiya tana ba da juyi mai santsi, ba ta fizga. Mai tsini ta manyan igiyoyi ce irin na Hawaii, inda riƙe ruwa ya fi juyi muhimmanci, ba ruwanka da ita. Mai baki biyu kuma dabara ce ta barin wutsiya da faɗi tare da ba ta tsini biyu da za su kama ruwa. Ɗauki ta farko ko ta biyu. Game da cikin allo, wato fuskarsa ta ƙasa, za ka ga wasu an ɗan kwarfe shi don ruwa ya bi ta tsakiya ya ƙara gudu, wasu kuma an ɗan tudunta tsakiyarsa wajen wutsiya don allon ya riƙa mirginawa daga wannan gefe zuwa wancan cikin sauƙi. A allo mai faɗi wannan tudun yana taimako sosai. Ban da wannan, kada ka wahalar da kanka a kansa yanzu.

Fukafukai kuwa suna da labari, kuma labarin zai nuna maka cewa matsalarka ita ce matsalar da masu wannan wasa suka yi shekara hamsin suna fama da ita. Allunan farko ba su da fiffike ko ɗaya, mai hawa ƙafarsa yake sakawa cikin ruwa ya karkata allon. Tom Blake, Ba'amurke, shi ya fara liƙa wa allo fiffike a 1935. Har tsakiyar shekarun 1960 alluna ƙafa 9 zuwa 10 ne, masu fiffike ɗaya. A 1967 Bob McTavish na Ostareliya ya fara sassaƙa gajerun alluna masu wannan tudun a ciki, bisa tunanin abokinsa George Greenough, kuma cikin 'yan shekaru tsawon alluna ya sauko ƙasa da ƙafa 7. Daga nan Mark Richards ya ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 1979 zuwa 1982, kuma da allo mai fiffike biyu ya yi suna. Mai biyu yana da gudu da saurin juyi a ƙaramar igiya, amma in aka matsa masa wutsiyarsa sai ta zame. Simon Anderson, wani ɗan Ostareliya mai babban jiki, wannan zamewar ce ta dame shi. A 1980 ya sa fukafukai uku masu kusan girma ɗaya, biyu a gefe, ɗaya a tsakiya ta baya. A 1981 ya ci gasar Bells Beach ta Ostareliya da shi cikin manyan igiyoyi, ya kuma ci ta Pipeline a Hawaii a ƙarshen shekarar. Tun daga lokacin tsarin nan ya zama shi ne na yawancin 'yan gasa har yau.

Mai uku nake ba ka shawara, don shi ne ba ya ba mutum mamaki: na gefe suna tura ka cikin kwana, na tsakiya yana hana wutsiya zamewa. Ka nemi allon da fukafukansa ake cirewa, irin tsarin kamfanin FCS ko na Futures, don nan gaba za ka iya sauya halin allon ba tare da ka sayi wani ba. Fiffiken da ya tsaya a miƙe yana juyawa a wuri ɗaya, wanda ya kwanta baya yana jan kwana ta yi tsawo. Ana sayar da su ne bisa nauyin mai hawa, naka ya faɗa tsakanin matsakaici da babba.

To ga abin da zan saya da ni ne kai. Allo mai tsawon ƙafa 6 da inci 10 zuwa ƙafa 7 da inci 2, faɗi inci 21 zuwa 22, kauri kusan inci 2 da uku cikin huɗu, jiki tsakanin lita 45 da 50. Hancinsa ya kasance mai ɗan faɗi, lanƙwasa matsakaiciya, wutsiya zagayayyiya wadda ta ɗan tsuke, fukafukai uku. Ranar farko za ka ji ya yi maka rawa, amma zai kama igiya kusan yadda na soso yake kamawa, kuma da ka taka wutsiyarsa za ka ji bambancin nan take. Yi shekara guda a kansa, damina ɗaya aƙalla, don a watannin damina ne igiyoyin da ke tasowa daga kudancin Atlantika suka fi isowa gaɓarmu da ƙarfi. Bayan nan ka sauko zuwa ƙafa 6 da 'yan inci, lita 36 zuwa 40.

Tun da na hannu za ka fi samu a Legas, ka duba shi da rana. Bi jikinsa da babban yatsa kana dannawa, duk inda ya loɓa ko ya yi ƙara to fatar ta rabu da soson ciki. Ɗaga shi ka ji nauyi, wanda ya sha ruwa ya fi girmansa nauyi. Girgiza fukafukan ka ga ko mazauninsu yana motsi. In ka ga layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, ya taɓa tanƙwarewa, nan zai karye, bar shi komai arharsa. Sannan ka karkata shi ga haske ka dubi bayansa. Za ka ga 'yan ramuka inda dugadugan mai shi na da suka danna. Waɗannan ba aibi ba ne. Dubi inda ramin ƙafar baya yake, daidai saman fukafukai za ka same shi in mai allon ya iya hawa. Nan taka ƙafar za ta riƙa zama. Allah ya ba da sa'a, ka rubuto mana yadda ta kaya.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni kafinta ne a Panteka. Ƙanena da ke Legas ya turo mini hoton allon nan ya ce in gwada yi masa da katako, wai na kanti ya yi tsada. Zai yiwu? Wane katako ya dace, kuma zai juya kamar na Turawa?

AMSA: Barka kadai, maigida. Zai yiwu, kuma da katako aka fara. Mutanen Hawaii sun yi ɗaruruwan shekaru suna sassaƙa alluna daga gungumen itace, na sarakunansu har yakan wuce ƙafa 15, sai ƙarfafa ke iya ɗaukarsa. A gaɓar Afirka ta Yamma ma, matafiya sun rubuta ganin yara suna hawan igiya da guntayen katako a Accra tun a shekarun 1830. Amma nauyi ne abokin gabar juyi. Allon gasa na yau kilo 3 ne ko ƙasa da haka, cikinsa soso mai tauri, an lulluɓe shi da ƙyallen faiba da danƙo. In ka fafe shi daga dunƙulen maɗaci zai ninka haka sau da yawa, ba zai juyu ba, kuma in ya kuɓuce a cikin ruwa zai iya ji wa wani mummunan rauni.

Hanyar da za ka bi ita ce wadda Tom Blake ya bi wajen 1930: allo mai rami a ciki. Za ka yi ƙashin baya guda daga hanci zuwa wutsiya, ka jera haƙarƙari a kansa, ka rufe sama da ƙasa da siririn falanki mai jure ruwa, sannan faiba da danƙo a kai. Ka nemi katako mafi rashin nauyi da za ka samu, busasshe sarai. Ƙashin bayan nan shi ne lanƙwasar allon, don haka kada ka zana shi da ido daga hoto. Ƙanenka ya samu allon da ya taɓa hawa ya ji daɗinsa, ya ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a ciki, ya auno maka tazarar a kowane inci 6, haka ma faɗi da kauri. Rage nauyi a hanci gwargwadon iko, don nauyin da ke nesa da ƙafafu shi ya fi hana juyi. Kuma dole ka sa masa ƙaramin rami mai murfi na fitar iska. In ba haka ba, iskar da ke ciki za ta kumbura da zafin rana ta ɓalle haɗin. A buɗe shi in allon yana kan tudu, a rufe kafin a shiga ruwa. Fara da dogo, ƙafa 7 zuwa 8, don a wannan tsawon ɗan ƙarin nauyi ba ya ɓata komai, yana ma taimaka masa ya ratsa ruwa. Na san hannun mutanen Panteka, ba na shakkar za ka iya.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Ɗana mai shekara 15 ya gwada wasan nan da muka je hutu Legas, yanzu ya dame ni wai zai riƙa gwaji a Kogin Kaduna kafin mu koma. Hankalina bai kwanta ba. Akwai abin da zai iya yi a nan? Wata uwa daga Barnawa.

AMSA: Lafiya lau, 'yata, kuma gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki bar shi ya shiga kogin da allo. Babu igiyar da zai hau a ciki, ga duwatsu a ƙarƙashi, kuma da damina ruwan yana da ƙarfin da ko gwanin iyo ba ya ja da shi. Mu da muka tashi a garin nan mun san gidajen da kogin ya sa kuka.

Amma akwai abin yi sosai. Na farko iyo, a wurin wankan da yake da mai tsaro. Iya ruwa fidda kai, kuma mafi yawan lokacin mai hawan igiya a tuƙi da hannu yake ƙarewa, tsayuwar 'yan daƙiƙoƙi ce. Yaron da zai iya iyo mita 200 ba tare da ya tsaya ba ya riga ya yi rabin aikin. Na biyu, ya zana siffar allo a kan tabarma ko siminti, ya riƙa kwanciya rub da ciki yana miƙewa tsaye a motsi ɗaya, yana lura ƙafar bayansa ta sauka kusa da wutsiya, ta gaba kuma a tsakiya. Na uku, akwai allon taya da ake yi musamman don wannan, wanda tayoyinsa na gaba suke juyawa fiye da na sauran. A kan fili mai santsi, nesa da titi, da hular kwano da abin kare gwiwa, zai koyi kai ido, juya kafaɗa da danna ƙafar baya, daidai yadda ake yi a ruwa. In kun koma Legas, ki yi masa hayar allon soso ƙafa 7 ko 8, ki haɗa shi da mai koyarwa daga cikin mutanen wurin, ya kuma tsaya a cikin lungun da duwatsu suka kare. Buɗaɗɗen tekun da ke bayan duwatsun yana da jan ruwa, ba na yara ba ne.